DARASI: JUYA HOTO DAGA WANI NAU'IN FAYIL ZUWA WANI A INTANET

A bana, sa'ad da muka fara tattara hotunan da za su shiga wannan littafin shekara, mun gamu da wahalar da ba mu zata ba. 'Yan aji shida sun kawo nasu, ƙungiyar mawaƙa ta kawo nata, 'yan ƙwallo ma haka, har da waɗansu tsofaffin ɗalibai da suka aiko daga nesa. Da muka zauna gaban kwamfutar ofis, sai waɗansu hotunan suka ƙi buɗuwa sam. Waɗansu sun buɗu, amma da mai maɗaba'a ya buga na gwaji, fuskokin suka fito dishi-dishi kamar an ɗauke su cikin hazo. Tambarin makaranta kuwa ya fito zaune cikin wani farin akwati a tsakiyar shuɗin bango.

Wanda ya fi damunmu shi ne hoton tsohon mai gadinmu, wanda ya fara aiki a nan tun kafin a haifi yawancinku, ya kuma rasu a cikin shekarar nan. Mun so mu ba shi shafi guda. Hoto ɗaya tak aka samu, shi ma ya bi ta wayoyi da yawa: wannan ya tura wa wancan, wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sake turawa. Wayar da ta ɗauki na asali ta ɓata. Mun gwada duk dabarar da muka sani, bai gyaru ba. Shi ya sa za ku gan shi ɗan ƙarami a kusurwar shafi.

Saboda haka muka ga ya kamata darasin bana ya zama a kan fayil ɗin hoto, da yadda ake juya shi daga wani nau'i zuwa wani. Ku 'yan aji shida, ba da daɗewa ba za ku zauna cika takardar neman gurbin karatu ko neman aiki a intanet, shafin ya ce muku hoton da kuka ɗora ba irin wanda yake so ba ne, ko ya yi nauyi, ga shi kuwa ranar rufewa ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye da 'yan'uwa masu shirya takardar tsarin biki ko kalanda, ku ma darasin ya shafe ku.

Mene ne hoto a cikin kwamfuta?

Ku ɗauki hular da aka yi wa aikin hannu, ku kawo ta kusa da ido. Zanen da kuke gani daga nesa zai watse, ya zama ƙananan ɗinki, kowane da launin zarensa. Haka hoto yake a cikin waya ko kwamfuta. Ɗigo ne ƙanana da aka jera layi-layi, ana kiran kowane ɗigo fiksel. Kwamfuta ba ta san fuska ko itace ba, lamba kaɗai ta sani. Ga kowane ɗigo takan rubuta lamba uku: yawan ja, yawan kore, da yawan shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Masu son lissafi su ninka 256 sau 256 sau 256, za su sami 16,777,216. Yawan launukan da ɗigo ɗaya zai iya ɗauka ke nan.

Abin bai fara da girma haka ba. A shekarar 1957 wani injiniya a Amurka mai suna Russell Kirsch ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin kwamfuta. Hoton ɗigo 176 ne a faɗi, 176 a tsaye, wato 30,976 gaba ɗaya, babu launi. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim, wadda takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset.

Yanzu sai mu gwada da wayar da ke aljihun malami. Mu ɗauka tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye. Ɗigo miliyan 12 ke nan. Kowane ɗigo yana cin bayit 3, saboda lambobin nan uku. Jimla bayit miliyan 36, wato wajen megabayit 36, a hoto ɗaya. Mu da muka koyi kwamfuta da ƙaramin faifan nan mai ɗaukar megabayit 1.44, da sai mun tanadi faifai 25 kafin mu kwashe shi. Amma in kun duba wayar, za ku tarar hoton bai wuce megabayit 3 ko 4 ba. Ina sauran suka tafi? An matse su. Yadda aka matse su da yadda aka shirya su, shi ne abin da muke kira nau'in fayil. Haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, kamar .jpg ko .png, su ke sanar da nau'in.

Matsewa iri biyu ce

In kun gane wannan sashe, kun gane rabin darasin.

Iri na farko shi ne matsewa marar asara. A ce layin farko na hoto farin bango ne, ɗigo 500 duk fari. Maimakon kwamfuta ta rubuta "fari" sau 500, sai ta rubuta "fari, sau 500". Ta rage wuri, ba ta kuwa yar da kome ba. Dabarun gaske sun fi wannan zurfi, amma manufar ke nan. Kamar ɗalibi ne ya ninke kayansa da kyau domin su shiga akwati. In ya isa gida ya buɗe, rigunansa suna nan cif.

Iri na biyu shi ne matsewa mai asara. Wannan kamar shanya tumatir ne. Kwando guda ya koma mudu biyu, ya yi sauƙin ɗauka da ajiya, miya kuma ta yi daɗi. Amma ko kun jiƙa shi kwana uku, ba zai koma ɗanye ba. Abin da rana ta ɗauke ya tafi ke nan. Kada mu ce wannan iri mugu ne. Ba don shi ba, da hoto ɗaya ya cinye datar mako. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san lokacin da yake shanya, kada ya yi tsammani ninkewa yake yi.

Nau'o'in da za ku riƙa gamuwa da su

JPEG, wanda ake rubutawa .jpg ko .jpeg, shi ne babba. Ya ɗauki sunan kwamitin ƙwararrun da suka tsara shi, aka kuma amince da shi a 1992. Yana aiki da wani lissafi da Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, ya fara tunaninsa a 1972 yana Jami'ar Jihar Kansas a Amurka, ya kuma wallafa tare da abokan aikinsa a 1974. Ga yadda JPEG ke yi. Da fari yakan raba haske da launi, gama idon mutum ya fi lura da bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi, sai ya rage bayanin launin. Sa'an nan ya yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a faɗi 8 a tsaye. A cikin kowane gida sai ya riƙe babban fasali, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba zai kula da su ba. Yawancin manhajoji sukan ba ku ma'aunin inganci daga 1 zuwa 100. In kun sauke shi ƙasa ƙwarai, gidajen nan za su fito fili, ku ga fuskar mutum kamar an gina ta da bulo. Ga hoton mutane da filaye, JPEG ya dace, kuma kusan babu na'urar da ba ta buɗe shi. Ga rubutu da zane mai kaifin layi kuwa bai dace ba, domin yakan bar datti kewaye da haruffa. Kuma duk lokacin da aka gyara shi aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubar da wani abu, kamar takardar da aka yi wa fotokwafi, aka sake yi wa kwafin fotokwafi. Abin da ya sami hoton mai gadinmu ke nan.

GIF ya girmi JPEG. Kamfanin CompuServe ne ya fito da shi a 1987. Launi 256 kaɗai yake iya ɗauka a hoto guda, saboda haka in kun juya hoton fuska zuwa GIF za ku ga launin ya yi tabo-tabo. Abin da ya raya shi har yau shi ne yana iya jera hotuna da yawa su riƙa motsi. Labarinsa yana da abin lura. Dabarar matsewar da ke cikinsa mallakar kamfanin Unisys ce, a ƙarshen 1994 kuwa aka sanar cewa masu rubuta manhajar da ke aiki da GIF za su riƙa biyan kuɗi. Mutane suka fusata. A farkon 1995 waɗansu masana, Thomas Boutell na gaba, suka haɗa kai ta intanet suka tsara wani nau'in da kowa zai yi amfani da shi kyauta. Shi ne PNG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a 1996. Haƙƙin mallakar Unisys ya ƙare a Amurka a 2003, amma kafin nan PNG ya riga ya kafu.

PNG ba ya asara. Ya dace da tambari, taswira, zanen darasi, da hoton fuskar kwamfuta mai rubutu. Yana kuma da wata baiwa da JPEG ba shi da ita: ana iya barin bayan hoto wayam, a riƙa gani ta cikinsa kamar gilashi. In aka ɗora irin wannan tambari a kan shuɗin bango, shuɗin zai kewaye shi daidai. Illarsa ita ce nauyi. Hoton taro da aka ajiye a PNG yakan ninka na JPEG sau da yawa.

Hotunan da suka ƙi buɗuwa a ofishinmu kuwa HEIC ne. Tun 2017 wayoyin iPhone na kamfanin Apple suke ajiye hoto a wannan nau'i. Ya fi JPEG iya matsewa, amma tsofaffin kwamfutoci da shafukan cike takardu da yawa ba su san shi ba. Haka ma WebP, wanda Google ya fito da shi a 2010, shi ne sau da yawa kukan samu in kun sauke hoto daga wani shafi. AVIF na 2019 ɗan'uwansu ne. TIFF, na 1986, masu maɗaba'a da masu adana tsofaffin takardu suna sonsa, yana da nauyi ƙwarai. BMP na Windows ne, galibi ba a matse shi, ba mu ga dalilin da zai sa ɗalibi ya zaɓe shi a yau ba. PDF, wanda Adobe ya fito da shi a 1993, ba hoto ba ne a kan kansa. Ambulan ne da ake zuba shafuka a ciki, rubutu da hoto tare.

Akwai ɗaya da ya fita dabam, wato SVG. Shi ba ɗigo yake ajiyewa ba, umarni yake ajiyewa: ja da'ira a nan, ja layi daga nan zuwa can, cika da kore. Bambancin kamar na ɗinkakkiyar riga ne da awon da tela ya rubuta a littafinsa. Da awon za a iya yanka ƙarama ko babba. Shi ya sa tambarin da ke SVG zai fito da kaifi ko a kan bajo ko a kan allon ƙofar makaranta.

Sauya suna ba juyawa ba ne

Mun sha ganin wannan kuskure, har wajen manya. Mutum ya goge .png a ƙarshen suna ya rubuta .jpg, ya ce ya juya. Bai yi kome ba. Buhun gero ne aka rubuta wa "shinkafa". Kowane nau'i yana da hatiminsa a farkon fayil, can ciki. In kun buɗe GIF da manhajar rubutu, abin da za ku fara gani shi ne GIF87a ko GIF89a. A PNG za ku ga haruffan PNG kusa da farko. Waɗansu manhajoji sukan duba hatimin su buɗe fayil ɗin duk da sunan ƙarya, shi ya sa mai kuskuren yakan zaci ya yi nasara. Amma shafin da ke bincike sosai zai ƙi shi, ya bar ku kuna mamaki.

Juyawa ta gaskiya mataki biyu ce. Manhaja takan kwance fayil ɗin har ya koma ɗigo-ɗigo, sa'an nan ta sake ɗaure shi bisa ga ƙa'idar sabon nau'in.

Yadda ake yi a intanet

Akwai shafuka masu wannan aiki, irin su CloudConvert, Convertio, Zamzar da iLoveIMG. Ambatonsu ba talla ba ne, sharuɗɗansu kuma sukan canza, sai ku karanta da kanku. Fasalinsu kusan ɗaya ne.

Kafin ku taɓa kome, ku yi kwafin hoton, ku ajiye na asali a wani wuri dabam. Iyayenmu sun san darajar negetif a hannun mai hoto: muddin yana nan, ana iya sake wanke hoto. Fayil na asali shi ne negetif ɗinku. Bayan haka ku tabbatar da abin da ake nema a wurinku. Wane nau'i? Nauyi nawa? Faɗi da tsayi nawa? Ku rubuta a takarda. Sa'an nan ku buɗe shafin, ku danna wurin zaɓen fayil, ku nuna hoton, ku zaɓi nau'in da kuke so ya koma. In akwai ma'aunin inganci, tsakanin 80 da 90 ya isa yawancin bukatu. Ku danna maɓallin juyawa, ku jira, ku sauke sakamakon.

A nan ne ake tuntuɓe. Shafukan kyauta cike suke da talla, waɗansu tallan kuma an yi su da siffar babban maɓallin saukewa, kore shar, domin a ruɗe ku. Ku duba da kyau kafin ku danna. In fayil ya sauka, ku karanta ƙarshen sunansa. Kun nemi .jpg, to, ya zama .jpg. In kuka ga .exe ko .apk, ko shafin ya ce sai kun sauke wata manhaja tukuna, ku goge, ku rufe shafin. Daga ƙarshe ku buɗe sabon hoton, ku ƙara girmansa, ku duba ido da baki da rubutu. Kada ku aika da abin da ba ku duba ba.

Ku tuna kuma data ake ci sau biyu, wajen ɗorawa da wajen saukewa. Hoto 40 masu megabayit 4 kowane, megabayit 160 ke nan tun kafin ku sauke ko ɗaya.

Abin da juyawa ba ta iya yi

Wani ɗalibi mai ƙwazo ya kawo mana shawara a kan hoton mai gadi. Ya ce tun da PNG ba ya asara, a juya shi zuwa PNG. Tunaninsa ya burge mu, muka bar shi ya gwada. Fayil ɗin ya ƙara nauyi, hoton kuwa yana nan yadda yake. PNG ya adana abin da aka ba shi da aminci, har da lalacewar. Busasshen tumatir ne aka zuba a sabon kwando.

Daga PNG zuwa JPEG kuma, wayam ɗin nan na baya yakan ɓace, a cike shi da fari, wani lokaci da baƙi. Asalin farin akwatin da ya kewaye tambarinmu ke nan. GIF mai motsi in ya koma JPEG zai tsaya cik, galibi a kan hoton farko. Ƙaramin hoto in an ja shi ya yi girma, kwamfuta ba ta da sabon bayani, sai ta cike gurbin da kintace. Akwai sababbin manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira da ke cewa suna gyara irin wannan. Mun gwada ɗaya. Ta ba mu fuska mai kyau da kaifi, amma ba ta mutumin da muka sani ba ce, gama ta zana idanu da haƙoran da ta ga sun dace ne. Muka zaɓi ɗan ƙaramin hoton nan na gaskiya.

Nau'i dabam, girma dabam, nauyi dabam

Abu uku ne da ake yawan gwamutsawa. Nau'i shi ne JPEG ko PNG. Girma shi ne yawan ɗigo a faɗi da tsaye. Nauyi shi ne kilobayit ko megabayit.

Mu ɗauka wani shafi ya ce yana son hoton fasfo a JPEG wanda bai wuce kilobayit 50 ba, naku kuwa megabayit 3 ne, wato wajen kilobayit 3,000. Ya ninka abin da ake so sau 60. Mai gaggawa zai danne ma'aunin inganci har ƙasa, ya sami fuskar bulo. Ba haka ake yi ba. Ku fara yanke gefe-gefe, a bar kai da kafaɗa. Sa'an nan ku rage girma. Hoto mai 4,000 da 3,000 in ya koma 400 da 300, ɗigonsa ya sauko daga miliyan 12 zuwa 120,000, kashi ɗaya cikin 100 ke nan. Ku lura, faɗi da tsayi tare ake rage su, in ba haka ba fuska ta miƙe ko ta baje. Bayan wannan, ɗan rage inganci kaɗan ya isa ya kai ku inda ake so.

Wajen bugawa kuwa lissafin ya juya. Masu maɗaba'a sukan nemi ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 6 da inci 4 yana bukatar ɗigo 1,800 da 1,200. Cikakken shafin A4 yana bukatar wajen 2,480 da 3,508. Hoton da ya yi kyau a fuskar waya yana iya kasawa a takarda, domin fuskar waya ƙarama ce, tana rufa asiri. Wani abu kuma, fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu: shuɗi-shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ya sa launi mai ƙyalli yakan ɗan dushe a takarda. Wannan juyawa ku bar wa mai maɗaba'a, ya fi ku sanin injinsa.

A hannun wa kuka sa hotonku?

Sa'ad da kuka danna maɓallin ɗorawa, a yawancin shafukan nan hotonku yakan bar wayarku ya tafi wata kwamfuta a wata ƙasa. Can ake juya shi. Da yawa sukan yi alkawarin goge shi bayan ɗan lokaci, mai yiwuwa kuma suna cikawa, amma ba ku da hanyar gani da idonku. In hoton gasar tsere ne, da sauƙi. In kuwa takardar lambar zama ɗan ƙasa ce, ko fasfo, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar haihuwa, ko sa hannun mahaifinku, to, kun miƙa wa baƙo abin da za a iya yin zamba da shi da sunanku. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk mai ba da aiki kyauta yana da inda yake mai da kuɗinsa. Masu gaskiya daga talla da masu biyan kuɗin wata suke samu. Akwai kuma marasa gaskiya. A watan Maris na 2025 ofishin hukumar FBI ta Amurka da ke birnin Denver ya yi gargaɗi cewa 'yan damfara suna kafa shafukan juya fayil na kyauta. Shafin zai yi aikin da aka sa shi, amma ya haɗo da muguwar manhaja, ko ya kwashe bayanan da ke cikin abin da aka ɗora. Ganin https a farkon adireshi bai wanke shafi ba. Abin da yake nufi kawai shi ne ba mai leƙa saƙon a kan hanya. Bai faɗi halin wanda ke karɓa ba.

Akwai kuma abin da hoto ke ɗauke da shi a ɓoye. Waya takan rubuta ranar ɗauka da sa'a da samfurin wayar a cikin fayil, in kuma an kunna mata nuna wuri, har da daidai inda aka tsaya. Ana kiran wannan bayani EXIF. Waɗansu shafukan sukan share shi wajen juyawa, waɗansu su bar shi. Kowanne yana da illarsa. In ya tsaya, kun nuna wa duniya ƙofar gidanku. In ya tafi, mai tarihin makaranta ya rasa ranar da aka ɗauki hoton. Ga wani dalilin riƙe na asali.

Mu ma'aikata abin ya fi hawa kanmu. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su, ta kuma ba na yara kulawa ta musamman. Hotunan ɗalibai da takardunsu amana ce. Bai kamata malamin aji ya kwashi na yara 40 ya zuba a shafin da bai san mai shi ba, don kawai yana sauri.

Abin farin ciki, sau da yawa ba a ma bukatar irin waɗannan shafuka. Manhajar Paint da ke zuwa da Windows tana buɗe hoto ta sake ajiye shi a JPEG, PNG, GIF ko BMP, tana kuma rage girma. Preview yana yin haka a kwamfutar Apple. GIMP kyauta ce, tana yin fiye da haka. Akwai kuma Squoosh, wanda ma'aikatan Google suka fito da shi a 2018. Shafi ne, amma a cikin na'urarku yake aikin, hoton ba ya fita, yana kuma nuna tsoho da sabo gefe da gefe domin ku ga abin da kuke asara. Shi muka fi nuna wa ɗalibai. Mai iPhone kuwa ya shiga saitin kyamara, sashen nau'in fayil, ya zaɓi wanda ya fi dacewa da sauran na'urori, daga nan wayar za ta riƙa ajiye JPEG. Wanda ya yi aiki a shagon kwamfuta na gari, ya tsaya sai an goge takardunsa a gabansa, har daga kwandon shara na kwamfutar.

Domin littafin baɗi

Ga abin da kwamiti yake roƙo. Ku kawo hoto kai tsaye daga wayar ko kyamarar da ta ɗauke shi, a filashi ko katin ajiya. Wanda yake nesa, in zai aiko ta WhatsApp, ya aiko da shi a matsayin takarda, wato ta inda ake haɗa fayil, gama ta hanyar hoto ta kullum manhajar takan matse shi. Kada a ɗauki hoton fuskar waya a ce an kawo hoto. In HEIC ne, ku kawo shi haka nan, mu za mu juya a ofis. Shugabannin ƙungiyoyi su kawo tambarinsu a PNG ko SVG. A sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, da aji ko ƙungiya da shekara, maimakon jerin lambobin da waya ke bayarwa.

Masu tsofaffin hotunan takarda na makarantar nan kuma, musamman na ma'aikatan da suka yi ritaya, su kawo mu sa a sikana. Za mu ajiye kwafi biyu, ɗaya a TIFF domin ajiya, ɗaya a JPEG domin rabawa, mu mayar muku da naku a ranar. In kuma akwai wanda yake da wani hoton marigayi mai gadinmu, ko a cikin taro ne aka ɗauke shi, ya taimaka ya kawo ofishin mataimakin shugaban makaranta kafin hutun zango na farko.